Ruwan Bagaja da Rijiyar Kusugu: Abin da Tatsuniya Ke Koya wa Ɗan Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja, wato labarin 'yar Bora da 'yar Mowa, kamar yadda ake yi wa yara ita a ƙasar Daura, ta auna darussan da aka saba jingina mata. An fi taƙaita ta da cewa tana koyar da ladabi da biyayya, tana kuma hani ga hassada. Maƙalar na ganin wannan taƙaitawa ta tsallake ginshiƙin labarin. Tatsuniyar da farko hukunci ce a kan gidan da babu adalci a cikinsa. Bayan haka ne take nuna wa yaro yadda zai riƙe mutuncinsa idan an zalunce shi. An gwama ta da labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, wanda kowane ɗan Daura ke tashi da shi, sannan an duba manyan suka guda uku da ake yi mata.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami Bahaushen da ya tashi a gidan da ke da tsohuwa bai ji Ruwan Bagaja ba. Amma yau idan aka ambaci sunan, abin da ke fara zuwa ran wanda ya yi boko shi ne littafin Abubakar Imam, wanda ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Imam ya ɗauki sunan da jigon doguwar tafiya neman wani ruwa, ya ɗora wa maza, Alhaji Imam da abokin karawarsa Malam Zurƙe. Ita kuwa tatsuniyar ta mata ce. Mata ke yin ta, 'yan mata biyu ne taurarinta, rikicinta kuma na tsakar gida ne.

Wannan bambanci yana da muhimmanci idan aka dubi yadda tatsuniyoyinmu suka hau takarda. Ɗaya daga cikin muryoyin farko da aka rubuta ita ce ta Dorugu, yaron da aka haifa a yankin Kance, arewa da Daura, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855; daga bakinsa J. F. Schön ya sami da yawa daga abin da ya buga a Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, akasarinsu daga rubutun ajami na malamai. R. S. Rattray ya buga nasa a 1913 daga alƙalamin Malam Shaihu. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo Tatsuniyoyi da Wasanni cikin ajujuwan firamare a farkon shekarun 1970, Bukar Usman kuma ya tara nasa a Taskar Tatsuniyoyi. Duk waɗannan ayyuka abin godiya ne, don ba don su ba da yawa sun salwanta. Sai dai a lura: fasahar da mata suka fi riƙo da ita, ta hannun maza ta isa takarda. Abin da takarda ta kama shi ne zubin labari. Muryar mai bayarwa, da inda take dakatawa, da wanda take nufi da magana, duk sun tsaya a ɗakin da aka yi tatsuniyar.

Sa'idu Babura Ahmad, a nazarinsa da aka buga a 1997, ya nuna cewa mai yin tatsuniya ba maimaici ba ne, mai fassara ne, yana karkata labari zuwa inda yake son masu saurare su duba. A kan wannan turba maƙalar ta ɗora hujjarta: idan muna son sanin abin da Ruwan Bagaja ke koyarwa, sai mu koma wurin da ake yin ta, mu ga su wa ke zaune a wurin.

2.0 Tatsuniyar a Inda Ake Yin Ta

A gidanmu da ke cikin birnin Daura, kakarmu ta wajen uba ce mai tatsuniya. Da rana ba ta yi, don an ce mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Sai bayan isha'i, musamman da hunturu, mu taru a ɗakinta mu kewaye kaskon wuta, ita tana kaɗi, tana shafa alli a yatsu tana murza mazari. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu ce, "Ta zo mu ji ta." Ƙofar ɗakin a buɗe take, iyayenmu mata suna tsakar gida suna ƙarasa wanke-wanke, duk abin da aka faɗa yana isa kunnensu.

Ga yadda take ba da shi. Wani mutum yana da mata biyu, Mowa wadda yake so, da Bora wadda ba a yi da ita, kowace da 'yarta ɗaya. Yaran kan kwana a kirgi guda. Wata rana da dare 'yar Mowa ta ɓata kirgin. Da gari ya waye aka ce 'yar Bora ce, aka yanke cewa ba inda za ta wanke shi sai Ruwan Bagaja. Ta naɗe kirgi ta ɗora a ka ta kama hanya. Duk kogin da ta isa sai ta tambaye shi da waƙa ko shi ne Bagaja. Wani ya ce shi kogin tuwo ne da miya, wani na nama, wani na zuma, kowanne ya ce ta zauna ta ci. Ta yi godiya ta wuce. Har ta isa Bagaja ta wanke kirginta.

Hadari ya taso, ta hangi wata bukka ta je ta yi sallama. A ciki ba kowa sai cinya guda, ba gangar jiki, da kare. Cinya ta yi gurnani, kare ya yi tafinta, ya ce ana yi mata maraba. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ɗaya aka ce ta dafa. Ba ta ce komai ba ta ɗora, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka kawo ƙwai babba da ƙarami aka ce ta zaɓa, ta ɗauki ƙaramin. Aka gargaɗe ta: duk inda ta tambaya ko ta fasa, ta ji muryoyi suna zuga ta, kada ta fasa, sai inda ta ji shiru. Ta kiyaye. Da ta fasa, sai ga dawaki da raƙuma da barori da masu algaita, aka ɗora ta a kan doki aka kai ta gida.

Mowa ta ga haka, ta sa 'yarta ta ɓata kirgi da gangan, ta tura ta. Yarinya ta ci a kowane kogi har ta yi nak. Ta shiga bukka ba sallama, ta yi wa cinya dariya, ta daka wa kare tsawa, ta raina ƙwayar shinkafa, ta wawuri babban ƙwai, ta fasa shi inda aka fi ihu. Abin da ya fito ya rako ta gida cikin ƙudaje da wulaƙanci. Ƙurunƙus.

Abu ɗaya kakarmu ba ta taɓa tsallakewa ba. Idan ta kawo wurin da aka ɗora wa 'yar Bora laifi, sai ta tsayar da mazari ta ce, "Wa ya gani?" Mu ce, "Ba wanda ya gani." Ta ce, "Allah ya gani." Takan ɗaga murya a nan fiye da ko'ina, kuma a daidai nan ƙarar kwanuka a tsakar gida kan lafa.

3.0 Gida Ne Ke Gaban Shari'a

A tunanin Bahaushe, gida wurin aminci ne, daji kuwa mazaunin kura da dodo da iskoki. Ruwan Bagaja ta juya wannan tsari. A cikin gida aka yi ƙazafi, a cikin gida aka yanke hukunci ba bincike, aka tura yarinya ƙarama tafiyar da ba a sa ran ta dawo ba, saboda abin da ruwan randa zai wanke. A daji kuwa doka ɗaya ce ga kowa: koguna ɗaya, bukka ɗaya, ƙwayar shinkafa ɗaya, ƙwai biyu a gaban kowace. Ba a tambayi kowace yarinya ko 'yar wace ce ba. Labarin da ya ce daji ya fi gida adalci, ba ƙaramar magana ya faɗa a kan wannan gida ba.

Kuma wa ke da gidan? Maigidan ba ya yin dogon zance a cikin tatsuniyar, amma duk abin da ya faru daga karkatarsa ya samo tushe. Shi ya raba matansa gida biyu, ya mai da ɗaya Mowa ɗaya Bora. Ba don an san inda zuciyarsa take ba, da Mowa ba ta yi ƙarfin halin ƙazafi ba, da kuma Bora ta iya buɗe baki ta kare 'yarta. Masu taƙaita labarin da cewa "hassada ba ta da kyau" sun ɗora nauyin duka a kan mace, sun sallami wanda ya shuka abin.

A nan tatsuniyar ba ta saɓa wa abin da malaman zaure ke karantarwa ba. Suratun Nisa'i, aya ta 3 da ta 129, ta ɗaure auren mace fiye da ɗaya da sharaɗin adalci, ta kuma hana a karkata gaba ɗaya a bar ɗaya a rataye. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya keɓe wa ɗa guda ya bar sauran. Abin da malami ke faɗa wa maza a zaure da nassi, shi tsohuwa ke faɗa a cikin gida da labari.

Dalilin bin wannan hanya a fili yake. Kunya da tsarin girma ba su bar matar aure ta tsaya gaban mijinta ta ce ya yi zalunci ba, ba su kuma bar uwar miji ta kama sunan surukarta a gaban jikoki ba. Don haka mata suka buɗe wa kansu wasu ƙofofi: habaici, da waƙar niƙa, da waƙar daɓe, da tatsuniya. Wanda ya karanta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, zai ga yawan abin da matan Hausa ke sani suke kuma tattaunawa a tsakaninsu game da kishi da rabon kwana da riƙon 'ya'ya. Tatsuniya ta fi sauran ƙofofin kariya, domin tun daga farko an yarda ƙarya ce, ba wanda zai ce da shi ake. Amma mai kunne ya ji. Hannunka mai sanda ne ake yi wa manya ta kan yara.

4.0 Jarrabawa Uku

Bayan ta hukunta gidan, tatsuniyar ta juya ga yaron da ke zaune a ciki, wanda ba shi da ikon gyara shi. Me zai yi da kansa? Amsar tana cikin jarrabawa uku.

Ta farko ita ce ta koguna. 'Yar Bora tana jin yunwa, kuma ba sata aka ce ta yi ba, tayi aka yi mata. Duk da haka ta wuce. Wanda aka zalunta shi ya fi saurin faɗawa tarkon kwaɗayi, don zuciyarsa na raya masa cewa duniya na da bashinsa, duk abin da ya samu halalinsa ne. Tatsuniyar ta ce a'a: zaluncin da aka yi maka bai ba ka lasisin sakin kanka ba. Wannan shi ne wadar zuci, kuma ya fi ƙarfin abin da ake nufi da biyayya, domin babu babba a bakin kogin da zai gani ya yaba ko ya hukunta.

Ta biyu ita ce ta bukka, kuma a nan tatsuniyar ta fi zurfi. Masu masaukin ba sarki ba ne, ba malami ba, ba ma cikakken mutum ba. Cinya ce da kare, dabbar da ba a bari ta kusanci tabarmar salla. Ladabi ga mai iko ba ya nuna halin mutum, don tsoro ma kan sa a durƙusa. Abin da aka auna a bukkar shi ne ko yarinya za ta yi sallama ga wanda ba ta gane siffarsa ba, ta saurari magana daga bakin wanda aka raina, ta karɓi ɗan abin da aka ba ta ba tare da tsaki ba. 'Yar Bora ta san ɗacin raini, shi ya sa ba ta raina ba. Ba kowane wanda aka wulaƙanta ke fitowa da wannan hali ba. Da yawa sukan nemi na ƙasa da su su huce a kansa. Tatsuniyar tana nuna wa yaro cewa akwai zaɓi.

Ta uku ita ce ta ƙwai. Ɗaukar ƙarami ci gaban wadar zuci ne, amma sharaɗin fasawa sabon darasi ne: kada ka yanke babban al'amari a inda 'yan zuga suka fi yawa. Masu cewa a fasa ba su da asara idan abin ya ɓaci. Yaron da ke riƙe da waya yau, wanda dubban muryoyi ke ce masa ya rama, ya tona, ya yaɗa, yana tsaye ne a daidai wannan wuri.

'Yar Mowa kuwa ta san hanya tun kafin ta fita, an faɗa mata komai, amma ta faɗi. Sanin hanya bai isa ba, don hali ba a aron sa rana ɗaya. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa siffofi irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Babu ɗaya a cikinsu da ake ɗauka a bakin ƙofa ranar tafiya. Kakarmu ba ta yarda mu yi wa 'yar Mowa dariya da yawa ba. Takan ce, "Ita ma yarinya ce, uwarta ce ta cuce ta." Gidan da ba adalci yara biyu yake cuta: ɗaya da ƙunci, ɗaya da shagwaɓa.

5.0 Kusugu da Bagaja

Ɗan Daura ba da labarin ruwa ɗaya yake tashi ba. Kafin ya iya karatu ya san Kusugu, wataƙila ma an kai shi ya leƙa ta a cikin ginin da aka kewaye ta da shi, an ja guga ya sha. Ya san Bayajidda ya fito daga Bagadaza, ya zauna Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ba a samu sai ranar Juma'a, don maciji mai suna Sarki ya tsare rijiyar. Ya karɓi guga ya je ya sare kan macijin. Da safe mutane da yawa suka ce su suka kashe, Sarauniya Daurama ta ce a kawo kai, ba wanda ya iya sai baƙon Ayana. Daga aurensa da Daurama aka sami Bawo, daga wata matar tasa, Bagwariya, aka sami Karɓagari, daga nan aka jero Hausa Bakwai da Banza Bakwai.

Masana tarihi sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan labari. W. K. R. Hallam a 1966 ya nemi danganta shi da Abu Yazid, ɗan tawayen Afirka ta Arewa da aka kashe a 947. Abdullahi Smith a 1970 ya ƙi yarda a ɗauke shi a matsayin bayanin kafuwar daulolin Hausa. Wannan maƙala ba ta shiga wannan muhawara. Abin da ya dame ta shi ne abin da labarin ke ginawa a zuciyar yaron da ke jin sa tare da Ruwan Bagaja.

Kamannin suna da yawa. A duka biyun akwai ruwan da ba a kai gare shi da sauƙi. A duka biyun wanda ya kai ba ɗan gata ba ne: ɗaya baƙo ne mai gudun hijira, ɗaya 'yar Bora. A duka biyun hanya ta bi ta masaukin wanda ba a damu da shi ba, tsohuwa ko cinya da kare. A duka biyun an sami masu son lada ba tare da aikin ba, kuma asirinsu ya tonu. A duka biyun akwai mata biyu a ƙarƙashin miji ɗaya, da tambayar ɗan wace za a fifita.

Bambancin kuwa shi ya fi amfani. Labarin Kusugu na rana ne, na maza, na fada. Ana tuna shi a bikin Gani a watan Rabi'ul Awwal, ana nuna takobin da ake jingina wa Bayajidda. Ruwan Bagaja ta dare ce, ta ɗakin tsohuwa. A Kusugu, mutanen gari sun yi ta haƙuri da maciji, kwana shida cikin bakwai ba ruwa, kuma labarin bai yabe su a kan haka ba. Wanda ya ɗauki wuƙa shi aka yaba. A Bagaja yarinya ba ta da wuƙa, ba ta da doki, sai halinta. Ɗan Daura ya sami darussa biyu masu cika juna: idan kana da ikon kawar da zalunci, ka kawar, idan ba ka da iko, kada ka bari ya lalata ka.

Tarihin masarautar kansa yana ba labarin korarre mai dawowa a kan doki wani nauyi na daban. A 1805 Malam Ishaku ya karɓi Daura a lokacin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure. Sai a farkon ƙarni na 20 aka dawo da Malam Musa daga Zango kan gadon Daura, kamar yadda M. G. Smith ya bi diddigi a littafinsa na 1978. A ganina, al'ummar da gidan sarautarta ya yi kusan shekara ɗari a waje sannan ya dawo, ba za ta ji tatsuniyar 'yar Bora a matsayin zancen yara kawai ba.

6.0 Suka Uku

Suka ta farko ita ce tatsuniyar na koya wa 'ya mace miƙa wuya: a zalunce ki, ki yi shiru, lada na zuwa daga sama. Wannan suka tana da ƙarfi idan aka karanta labarin yadda littafin aji ke taƙaita shi. Amma labarin da ya kira zalunci da sunansa a gaban masu yin sa ba shiru ya yi ba. 'Yar Bora kuma ba zaune ta yi tana jira ba: ta yi tafiya ita kaɗai, ta tambaya, ta ƙi, ta zaɓa. Haɗarin yana wurin babban da zai ɗauki tatsuniyar ya ce wa yaron da ake cuta, "Yi haƙuri kamar 'yar Bora," alhali yana da ikon tsawatarwa. Wanda ya yi haka ya ɗauki matsayin maigidan cikin labarin.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a karɓe ta. A yadda aka fi ba da labarin, abin da ke fitowa daga ƙwan 'yar Mowa kutare ne da makafi da guragu. Wato an mai da bayin Allah masu lalura alamar azaba. Wannan ya ci karo da darasin bukka, inda aka ce kada a raina kowa saboda siffarsa. Ya kuma ci karo da Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan sha'anin makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Kuturta yau cuta ce mai magani, kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Tatsuniya ba nassi ba ce. Kowace mai bayarwa tana da 'yancin da kakanninta suka yi amfani da shi na gyara. A bar ƙudaje da zuma mai harbi da jakin da ya ƙi tafiya su rako 'yar Mowa. Labarin bai rasa komai ba, ya ma ƙara daidaita da kansa.

Suka ta uku ita ce labarin ba namu ba ne, ana samun sa ko'ina. Gaskiya ne manazarta sun ba wannan zubi lamba 480 a jerin nau'o'in tatsuniyoyin duniya, Warren Roberts kuma ya nazarci ɗaruruwan ire-irensa a 1958. Charles Perrault ya buga irinsa a Faransa a 1697, inda tsohuwa ke roƙon ruwa a bakin marmaro. 'Yan'uwan Grimm sun buga nasu a Jamus a 1812, inda yarinya ke faɗawa rijiya. Amma gwamawar ita ke fito da abin da ke namu. A waɗancan biyun, uwa gwauruwa ce ke fifita 'ya ɗaya, uba ya mutu, ba a tuhumar sa. A tamu uba yana raye, iyaye mata biyu suna raye, a gida ɗaya. Bahaushiya ta ɗauki zubin da duniya ta sani ta zuba masa ciwon da ke cikin gidanta.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Ruwan Bagaja tana magana da mutum biyu a lokaci guda. Tana ce wa babba ya ji tsoron Allah a kan waɗanda ke ƙarƙashinsa, tana ce wa yaro ya riƙe wadar zuci, ya girmama wanda aka raina, ya guji 'yan zuga. Idan aka cire saƙon farko aka bar na biyu, an mai da tatsuniyar makamin danne yara, alhali don kare su aka yi ta.

Saboda haka akwai aiki a gaban masu koyar da Hausa da masu nazarinta. Malamin aji ya daina tsayawa a kan "Me 'yar Bora ta yi daidai?" ya ƙara da "Wa ya fara yin laifi, kuma wa ya kamata ya hana?" Ɗaliban Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke Daura da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina su shiga Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, su naɗi muryoyin tsofaffin mata suna tatsuniya a gaban yara, da waƙoƙinta da tambayoyinta da amsoshin masu saurare, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina kuma ta adana. Wayar da ake zargi da raba yara da kakanninsu ita ce kuma na'urar da ta fi sauƙin wannan aiki. Masarautar da ta gina wa rijiyarta ɗaki don kada tarihi ya ɓata, ya dace ta ba hikimar matanta irin wannan kulawa tun masu ita suna raye. Iyaye maza kuma, waɗanda tun asali da su ake, lokaci ya yi da za su zauna su saurara.